Attajirai a Filin Aro

Tsaya, Malam, kada ka juya shafin. Na ga yadda ka taɓe baki tun da idonka ya faɗa kan golf. Ka ce me? Wasan waɗanda suka ƙoshi har suka rasa abin yi? Ƙato da gemunsa ya ɗora wa yaro jakar sanduna, ya doki wata 'yar mitsitsiyar ƙwallo, ya bi ta da ƙafa, in ya same ta ya sake korar ta? To, na ji, kuma ban ce ƙarya ka yi ba. Amma tunda kai ka ɗauko zancen, gyara zama mu yi ta. Ba kuma a ƙaramin fili za mu kara ba, can tushen abin zan kai ka: St Andrews, wani ɗan gari a gaɓar gabas ta Sikotland, mazaunin kulob ɗin da ake kira Royal and Ancient, wanda duk mai riƙe sandar golf a duniya yake rusunawa in an ambace shi.

Ka ce ai ka san irinsu, doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, maigadi da kare? Ka faɗi tun a tambayar farko. Ba katanga, ba maigadi. Hanyar jama'a ma ta ratsa ta tsakiyar ramin farko da na ƙarshe, mai keke ya wuce, mai tura jariri ya wuce, babban mutum yana tsaye da sandarsa yana jira su gama. Dalili kuwa shi ne kulob ɗin da ya fi kowane suna a duniya bai mallaki filin da yake wasa a kai ba. Filin na mutanen gari ne. Lamarin ya yi kama da na attajirin da ya gina katafaren gida a bakin filin Idi: in ya leƙo ta taga sai ka rantse nasa ne, amma ranar Sallah sahu zai bi kamar kowa.

Ka ce ko ma dai na wane ne, ai masu kuɗi ne suka ƙirƙiro wasan? Haba, Malam! Takarda mafi tsufa da ta ambaci golf a Sikotland dokar hana shi ce. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa, saboda mazajen da ya kamata su je koyon harbin kibiya don tsare ƙasa daga Ingila sun tare a bakin teku suna dukan ƙwallo. Ka taɓa jin an kafa doka don a tilasta wa attajirai uku su koyi ja baka? Talakawa ake nufi. Aka sake haramtawa a 1471, aka kuma a 1491, kuma ka san dokar da sai an maimaita ta sau uku ba ta ci kowa ba. Abin dariyar, Sarki James na Huɗu, wanda a zamaninsa aka yi hanin ƙarshe, shi ne a 1502 ya aika aka sayo masa sandunan golf daga wani mai sassaƙa baka a garin Perth. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

A 1552 aka rubuta takardar da har yau mutanen St Andrews ke kafa hujja da ita. Babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya samu izinin kiwon zomaye a tudun yashin da ke bakin teku, bisa sharaɗin cewa mutanen gari za su ci gaba da buga golf da ƙwallon ƙafa da sauran wasanninsu a wurin. Riƙe zomayen nan a ranka, za su dawo. A wannan filin ne ake kiwon tumaki, a nan mata ke shanya wanki, a nan kuma 'yan golf ke lallaɓawa tsakanin kowa da kowa. Sai bayan shekara ɗari biyu da wannan takarda manyan mutane suka iso da batun kulob.

Ranar 14 ga Mayu, 1754, mutum 22 daga cikin masu sarauta da masu ƙasa da manyan gari suka haɗa kuɗi suka sa aka ƙera sandar golf ta azurfa, a riƙa gasa a kanta duk shekara. Wanda ya ci ya zama kyaftin, ya rataya wa sandar ƙwallon azurfa. Ka ce ga shi nan, bakina ya kama ni, azurfa ta fito? Ta fito. Amma tambaye ni inda suka samo dokokinsu. Kwafa suka yi. Shekara goma kafin nan, a 1744, 'yan golf na Leith, kusa da Edinbara, sun riga sun rubuta dokoki 13, sai na St Andrews suka ɗauke su kusan kalma da kalma. Ɗakin taro ma ba su da shi. A masaukan baƙi na cikin gari suke haɗuwa su ci su sha su ci juna tara, kuma sai da suka shekara ɗari cif, a 1854, kafin su samu wannan ginin dutse da kake gani a talabijin a bayan ramin farko.

Yanzu bari in riga ka, don na ga bakinka yana motsi. Za ka ce wani abokinka da ya yi karatu a Turai ya gaya maka abin da ya sa ramukan golf suke 18: wai kwalbar wiski ƙaramin kofi 18 take ci, kowane rami a kurɓi ɗaya, kwalba na ƙarewa wasa ya tashi. Gai da min abokin naka, ka ce masa ya dawo da kuɗin makaranta. Gaskiyar ta fi haka rashin armashi. Filin siririn zirin ƙasa ne tsakanin gonaki da teku, sai mutum ya buga ramuka 11 yana tafiya, ya juyo ya buga 11 yana dawowa, jimla 22. A 1764 'yan kulob suka ga ramuka huɗu na farko sun yi gajarta, suka haɗe su suka zama biyu. Biyu sun ragu a tafiya, biyu a dawowa, saura 18. Shi ke nan. Ba wahayi, ba kwalba. Ba kuma nan take duniya ta bi ba: Leith ramuka biyar gare shi, Prestwick kuwa, inda aka fara babbar gasar Open a 1860, 12 ne. Sai da sunan St Andrews ya yi nauyi sannan kowa ya ga ai shi ma 18 ta fi masa kyau.

To, ga zomayen sun dawo. A 1797 majalisar garin ta tsiyace, bashi ya kai mata iya wuya, ta sayar da filin. Ya bi ta hannu biyu uku, a 1799 ya faɗa hannun Charles Dempster da ɗansa Cathcart, waɗanda sana'arsu kiwon zomaye ce don nama da fata. Kai da ke cewa golf wasan masu ƙarfi ne, zo ka ga masu ƙarfi. Manyan mutane masu sandar azurfa sun wayi gari zomo ya haƙe musu fili, ka buga ƙwallo ta shige ramin da ba kai ka haƙa ba, ba kuma shi kake nema ba. Ramuka 18 suka nema, Allah Ya ba su dubbai.

Me suka yi? Abin da manyan mutane ke yi: suka tafi kotu. Kotun Edinbara ta ba 'yan golf gaskiya, har da izinin kashe zomaye. Su Dempster suka ce ba su yarda ba, suka ɗaukaka ƙara har Majalisar Dattawa ta Landan, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. Ka ji fa, Malam: dattawan daular da ke fama da yaƙin Napoleon sun zauna sauraren shari'a tsakanin zomo da ƙwallo. Shekara wajen 20 ana wannan ja-in-ja, lauyoyi na ƙiba, zomaye na haihuwa, don su ba wanda ya kai musu sammaci. An ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, kuma ban san inda karin maganar nan ta taɓa zama daram kamar a nan ba. Ƙarshenta ba alƙali ne ya raba gardamar ba, aljihu ne. A 1821 wani mai ƙasa a maƙwabta, James Cheape na Strathtyrum, wanda shi ma ɗan golf ne, ya saye filin ya sallami masu zomaye. Ka san tukuicin da aka yi masa? An sa wa wani ramin yashi sunansa, wato wurin da duk wanda ƙwallonsa ta faɗa sai ya yi tsaki.

Ka ce to ina sarautar ta samo asali, in ba fadanci ba? A nan kam ka harbi daidai, sai dai ka ƙara da kishi. A 1833 kulob ɗin garin Perth ya samu laƙabin sarauta daga Sarki William na Huɗu. Na St Andrews suka ji abin ya tsaya musu a maƙogwaro: yaran jiya su riga mu? Aka yi ta rubuce-rubuce da kamun ƙafa, a 1834 sarkin ya yarda ya zama uban kulob, sunan ya koma Royal and Ancient, mai sarauta kuma daɗaɗɗe. Sarautar an roƙo, tsufan kuwa nasu ne.

In kana neman wanda ya mayar da golf na masu kuɗi a wancan zamani, kada ka kama kulob, kama ƙwallo. Da fata ake ɗinka ta, a dafa gashin dinya cikin doguwar hular Bature guda, a cusa shi da ƙarfin tsiya har ta yi tauri. Gwani ba ya wuce uku ko huɗu a yini, kuɗin guda ɗaya yakan kai na sanda ko ya fi, kuma ruwa na taɓa ta sai ta fashe, a ƙasar da ruwan sama ba ya neman izini. Babban mai wannan sana'a a St Andrews shi ne Allan Robertson, yaronsa kuma Tom Morris. Wajen 1848 sai ga sabuwar ƙwallo ta danƙon wata bishiyar Malaya, mai arha, mai jure ruwa. Robertson ya ga tuwonsa zai zube, ya yi mata tawaye. Ran nan ya kama Tom yana wasa da ita, suka ɓata, Tom ya bar shagon, a 1851 ya koma Prestwick. Ka ce ai Robertson mutum ne mai aƙida? Ƙwarai. A 1858 ya zama na farko da ya zagaye filin da bugu ƙasa da 80, ya yi 79, kuma da ƙwallon danƙon ya yi. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1852, ƙwallo ta yi arha, baƙi suka yi ta kwararowa.

Tom Morris ɗin nan, wanda duniya ta sani da Tsoho Tom, shi ne mutumin da ya kamata ka cire wa hula. Kulob ya dawo da shi gida a tsakiyar shekarun 1860 a matsayin mai kula da fili, albashi fam 50 a shekara, kayan aiki baro da shebur. Ɗan masaƙi ne, ba ɗan sarki ba. Ya sassare ƙayoyin da suka matse filin ya faɗaɗa shi, ya gina dandalin rami na farko da na 18, ya kuma nace wa barbaɗa yashi a kan ciyawa don ta yi laushi ta yi lafiya, dabarar da masu kula da filaye ke bi har gobe. Ya ci gasar Open sau huɗu, ɗansa Ƙaramin Tom ma sau huɗu kafin ya rasu yana da shekara 24 a 1875. Tsohon ya riƙe aikin har 1903, ya rasu a 1908. Kulob ɗin manya ne, amma mai baro ne ya fitar da kamannin filin.

Ka ce fili ai fili ne, ciyawa ce da rami? Je ka gwada. Saboda masu tafiya da masu dawowa zirin ƙasa ɗaya suke bi, ramuka 14 a kan dandali bakwai suke, biyu-biyu, kuma in ka haɗa lambobin kowane biyu sai su ba ka 18: na 2 da na 16, na 3 da na 15, har zuwa na 8 da na 10. Baƙo yakan ɗaga hannu yana murna ya kusa rami, ɗan dakonsa ya yi gyaran murya ya ce ranka ya daɗe, wancan tutar ta masu dawowa ce. Sannan ga ramukan yashi 112, da yawansu ba ka ganinsu sai ka iske kanka a ciki. Sunayensu kaɗai sun isa wa'azi: akwai Jahannama, akwai Akwatunan Gawa, akwai Tabarau, akwai Hancin Shugaban Jami'a. A 1995 Jack Nicklaus, wanda ya ci Open sau biyu a wannan fili, ya shiga Jahannama a rami na 14, sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fito, ya tashi da 10. A 1978 Tommy Nakajima na Japan yana cikin masu neman kofi, ya gangara ƙwallo a dandalin rami na 17, ta zarce ta faɗa ramin yashin da ke gefen dandalin. Bugu huɗu ya yi a ciki, ya tashi da 9, har yau wasu da sunansa suke kiran yashin. Tiger Woods kuwa a 2000 ya yi kwana huɗu yana zagaye bai taka ko ɗaya daga cikin 112 ɗin ba, ya ci Open da ratar bugu takwas. Wasan malalata, ko? Tafiyar kilomita shida da ɗoriya ce a cikin iskar Tekun Arewa, ba inuwa, ba benci.

Akwai ma wanda ya fi ka tsanar wurin. Bobby Jones, Ba'amurke, ya zo a 1921 yana matashi, abin ya ƙi masa, a rami na 11 ya ɗauke ƙwallonsa ya fasa gasar don haushi. Ya dawo a 1927 ya ci Open a nan. A 1958 garin ya ba shi 'yancin zama ɗan gari, karramawar da kafin shi Ba'amurke ɗaya ne ya samu, Benjamin Franklin. Saboda haka ci gaba da taɓe baki, mun ga irinku.

Mu koma kan mallaka, don na san ba ka haƙura ba. Ka ce ai mai kuɗi ba ya zama a filin aro, ko ba jima ko ba daɗe sai ya saye? Sun gwada. A farkon shekarun 1890 kulob ya yi ciniki da iyalan Cheape, mutanen gari suka ce ba a yi haka da su ba, suka garzaya majalisar dokoki. Dokar 1894 ta mayar da filin hannun majalisar gari. Kulob ya biya kuɗin gina fili na biyu, aka buɗe shi a 1895, ana ce masa Sabon Fili har yau da ya haura shekara 130. Daga nan ne na asalin ya zama Tsohon Fili. Na uku ya zo a 1897, na huɗu a 1914, na bakwai a 2008. A 1974 wata doka ta danƙa su duka ga hukumar amintattu mai kula da su a madadin jama'a. 'Yan kulob suna da lokutan da aka keɓe musu, ban ɓoye maka ba. Amma ranar Lahadi, in ba wata babbar gasa ake yi ba, ba mai buga ƙwallo a Tsohon Fili, ko kyaftin ne. Filin yakan koma wurin shan iska, yara na guje-guje, karnuka na shinshine inda Tiger Woods ya durƙusa.

Ka ce duk wannan can ta matse musu, me ya shafe ka? Ya shafi maƙwabcinka mai zuwa kulob ɗin Kano ko na Kaduna, ko Rayfield a Jos, ko filin IBB a Abuja. Tun 1897 sauran kulob-kulob suka ɗora wa na St Andrews alhakin tsara dokokin wasan, kuma ban da Amurka da Meziko, da ke ƙarƙashin hukumar Amurka, ko'ina hukuncinsa ake bi. A 2004 aka ware wannan aiki aka ba wata hukuma ta daban mai suna The R&A, amma gari ɗaya ne, jini ɗaya. Faɗin rami inci huɗu da kwata, sanduna kada su wuce 14 a jaka, ƙwallo in ta ɓata minti uku kake da shi na nema: duk daga can. Ko a filayenmu na Arewa da aka daɗe ana daddaɓe yashi da mai a madadin ciyawa saboda ƙarancin ruwa, ramin bai ƙaru da ko ɗigo ba.

Hajiya, na gan ki tun ɗazu kin harɗe hannu kina jira in iso nan. Ki ce mata fa? A nan na ajiye sandata. Shekara 260 kulob ɗin nan ya yi ba mace ko ɗaya a cikin membobinsa. Filin bai hana su ba, tunda na gari ne, kuma tun 1867 matan St Andrews suke da nasu ƙaramin kulob na gangara ƙwallo a gefe. A 2007 har gasar Open ta mata aka yi a Tsohon Fili, Lorena Ochoa ta Meziko ta ci. Amma katin zama memba, a'a. Sai ranar 18 ga Satumba, 2014 suka kaɗa ƙuri'a, kashi 85 cikin ɗari na masu zaɓen suka amince. Ranar kuwa ita ce ranar da Sikotland kaf ke ƙuri'ar raba gardama kan ballewa daga Birtaniya. Wai arashi ne. Ni dai na lura cewa in mutum zai tuba daga abin kunya, ba ranar da ta fi masa daɗi kamar ranar da hankalin 'yan jarida ke wani wuri. A farkon 2015 aka karɓi na farko, cikinsu da Gimbiya Anne, da Annika Sorenstam, da Laura Davies, da Renee Powell, baƙar fata 'yar Amurka.

Kai kuma, Malam, na ga ka fara laluben fasfo, kana tambaya a ina ake sayen fom. Ba a saye. Membobin ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗari ba a duniya duka, kuma sai wani daga ciki ya gabatar da kai, wasu sun mara masa baya, ka jira. Buga wasa a filin kuwa ba ruwansa da kulob. Ka kawo shaidar cewa lambar rangwamenka ba ta wuce 36 ba, wato ka ɗan iya, ka sa suna a ƙuri'ar da ake yi kwana biyu kafin ranar, in ta faɗo kanka ka shiga, ko kai direban tasi ne ko minista. Sai dai ka zo da kuɗi: a lokacin zafinsu zagaye ɗaya ya haura fam 300 ga baƙo, alhali kafin 1913 kyauta ne ga kowa. Kada ka buga lissafin da naira a tsaye, nemi kujera.

In kuma aljihun ya ƙi, akwai sauran ƙofa ɗaya. Duk watan Satumba, ranar da sabon kyaftin zai kama aiki, yakan fito da sassafe ya buga ƙwallo ɗaya tak daga gaban ginin kulob, a harba igwa daidai lokacin. 'Yan dakon sanduna suna warwatse a fili suna jira, wanda ya cafke ƙwallon ya mayar wa kyaftin, a saye ta a hannunsa da tsabar zinariya. Sirrin sana'ar shi ne sanin inda za ka tsaya: in ka yi nisa ka girmama kyaftin amma ka rasa zinariya, in ka matso kusa ka gaya wa duniya ra'ayinka game da ƙarfin hannunsa. Da irin bakin nan naka, na san a gaban takalminsa za ka tsuguna.